Me Ya Sa Fuloti Mai Takarda Ya Fi Tsada a Kazaure?

Kafin ka zargi dillali, duba tarihi. A 1910 Turawa suka sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, dokar 1962 ta ɗora a kai, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, zamanin Obasanjo, ta game Najeriya duka. Filin birni, gwamna ke ba da shaidar mallaka. Na karkara, kamar ƙauyukan Roni, Gwiwa da Babura, ƙaramar hukuma. In takardar gwamna ce da kai, sayarwa ko jingina sai da amincewarsa. Kuɗin safiyo, rajista da zirga-zirgar Dutse, hedikwata tun 1991, duk kan mai saye suke komawa. Shi ya sa talaka kan yi gini da takardar mai unguwa, wadda banki ba ya ba da rance a kanta.