ALSA da ɗaukewar sauti a Linux

ALSA ita ce manhajar da ke haɗa tsarin Linux da katin sautin kwamfuta. Jaroslav Kysela ne ya fara ta a 1998, kuma ta maye gurbin tsohon tsarin sauti na OSS a Linux 2.6 da ya fito a Disambar 2003. A samanta ne PulseAudio ko PipeWire ke raba sauti ga manhajoji. Fedora ta koma PipeWire a 2021.

Wata matsala da ake yawan kuka da ita ita ce lasifika ko abin saƙalawa a kunne su yi shiru. Sau tari ba lalacewa ba ce. A yawancin kwamfutoci masu tsarin Intel HD Audio na 2004, BIOS ne ke shaida wa ALSA wace kafa ce ta lasifika, wace ce ta kunne. In masana'anta ta rubuta bayanin ba daidai ba, sai sautin ya bi hanyar da ba a jona komai ba.

Mai gyara yakan fara da aplay -l don ganin ko an gane katin. Sannan ya buɗe alsamixer: layin da ke ɗauke da MM a ƙasa a toshe yake, harafin M ke buɗe shi. Sababbin kwamfutocin Intel kuwa sukan buƙaci fayilolin Sound Open Firmware.

A garuruwa irin su Garwa da Poli akwai ƙarin dalili: ƙurar hunturu kan cika ramin jona abin kunne, kwamfuta ta ɗauka a jone yake, ta kashe lasifika. A share ramin kafin a taɓa manhaja.