Sati shida na filin jirgin Abuja, da abin da mai rubuta tesis zai koya

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu na Kuje da ke maƙwabtaka da filin jirgin Nnamdi Azikiwe, ku tuna 2017. Ranar 8 ga Maris aka rufe filin don gyaran titin saukar jirage, aka karkata jirage zuwa Kaduna. Titin ɗaya ne tilo, kuma ya daɗe da wuce shekaru 20 da aka ɗiba masa. Wa'adin sati shida aka ba Julius Berger, har Hadi Sirika ya ce zai ajiye muƙaminsa in aka saɓa. Ranar 18 ga Afrilu jirgin Ethiopian Airlines ya sauka, saura kwana ɗaya wa'adin ya cika.

Irin wannan aiki lissafi yake so. Ba a shimfiɗa sabuwar kwalta sai an kankare tsohuwa, ba a zana layi sai kwalta ta zauna, jirgi ba ya sauka sai hukuma ta duba. Wannan jeri in ya makara da kwana ɗaya, komai ya makara. Amma gyaran ciyawa ko fenti a harabar fasinjoji, ko an jinkirta su ba abin da zai faru.

Dabarar gano wannan jeri, wadda injiniyoyi ke kira CPM, a Amurka aka ƙirƙiro ta a 1957. Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na Remington Rand ne suka haɗa ta a kan kwamfutar UNIVAC, saboda duk awar da masana'anta ta tsaya don gyara asara ce. A 1958 sojin ruwan Amurka suka fito da 'yar uwarta, PERT, don aikin makamin Polaris. Daga baya ta shiga manhajoji: Primavera a 1983, Microsoft Project a 1984. Ka zuba ayyukanka, ka faɗi kwanakin kowanne da wanda yake jira, manhajar ta nemo sarƙa mafi tsawo. Tsawonta shi ne ranar gamawarka.

To, mu dawo kan tesis. Da yawanmu babi na biyu muke ta gogewa wata da watanni, don shi ne mai daɗin yi a ɗaki. Alhali sarƙar tana can: amincewar sufabaiza, kare furofozal, takardar izinin shiga fili, tattara bayanai, nazari, sannan mai jarrabawa na waje. Kowanne jiran na gabansa yake, kuma rabinsu ba a hannunka suke ba. Sati biyu ka yi sake da takardar izini, wallahi sai ka tsallake zama guda na kare aiki, ga kuɗin rajistar sabon zango.

Ba sai kana da manhaja ba fa. Takarda da biro sun isa. Jera ayyukan, ja kibiya tsakaninsu, ƙirga kwanaki. Wanda ya faɗo a kan sarƙar, gobe da safe ka fara da shi. Allah ya ba mu sa'a.