Garba Gagare da 'Yan Rakiyar Jarumai

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Cikin littattafan da gasar ta haifa akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda aka buga a 1934. Ga masu karatun Hausa, nan ne labarin turjiyar Musulmi ga mamayar Turawa ya shiga littafin yara. Dukkanmu mun riƙe sunan Ganɗoki, mayaƙin Kwantagora da ya ƙi miƙa wuya. Kaɗan ne cikinmu ke tuna ɗansa Garba Gagare, wanda ya yi masa rakiya, balle yaran da suka zauna suna sauraron tsohon. Alhali ba domin su ba, da labarin ya mutu a bakin mai shi.

Tarihi ma haka ya yi. Ranar 27 ga Yuli 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, yana kan hanyar hijira. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja ragowar jama'a zuwa Sudan, inda har yau akwai gari mai sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Ɗan rakiya ne a ranar yaƙi, amma a hannunsa hijirar ta cika.

Mu da ke arewacin Kamaru muna da namu kason. Da Ingilishi suka ci Yola a Satumbar 1901, Lamiɗo Zubairu ya nufo gabas. Ya gwabza da Jamusawa a Garwa cikin Nuwamba, sannan a Marwa cikin Janairun 1902, inda bindiga mai ruwan harsashi ta karya dawakinsa. A 1907 kuma Goni Wadai ya tayar da jama'a da sunan Mahadi ya nufi Garwa, aka murƙushe su. Sunayen shugabanni sun shiga takardun Turawa. Almajirin da ya ɗauki buta da allo, da matar da ta ɓoye mai rauni a rumbu, da Bahaushen fatake da ya kai saƙo daga zango zuwa zango, babu wanda ya rubuta su.

Duk marubucin da zai ba matasanmu wannan labari, a wurin irin waɗannan mutane zai sami abin faɗa, domin yaro ya fi ganin kansa a cikin mai riƙe linzami fiye da mai hawan doki. Amma akwai sharaɗi. A duwatsun Poli akwai Dowayo, waɗanda kakanninsu suka sha harin mahayan lamiɓe tun kafin zuwan Bature. Nagwamatse na Kwantagora ma, ubangidan Ganɗoki, ya yi suna wajen kamun bayi. Wanda aka zalunta a Garwa yana iya zama wanda ake gudu a kan dutse. In aka ba yaron Dowayo baki a cikin labarin, ya tsaya kusa da almajirin Goni Wadai, kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, to an yi wa tarihi adalci, an kuma yi wa 'ya'yanmu da ke zama aji ɗaya a Poli.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya.