Ciwon zuciya na masu jego

Cuta ce da ke kassara tsokar zuciya a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Mai jego ta kama haki, ƙafafu su kumbura, kwanciya rigingine ta gagare ta, sai dai a jingina ta da matasai. Arewacin Najeriya na sahun gaba a duniya wajen yawanta.

A Arewacin Najeriya, a Zariya aka fara bin diddiginta. A 1978 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka fitar da rahoto kan mata 224. Zarginsu ya faɗa kan al'adar jego, wadda har gobe ake yi daga Zazzau zuwa Birnin Gwari: wanka da tafasasshen ruwa ana fyaɗa ganye safe da yamma har arba'in, kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, ga kunun kanwa. A ganinsu gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma ya ƙara wa zuciya nauyi. Bayanin ya shiga hankali, shi ya sa ya daɗe ba a ja da shi ba.

Daga baya aka koma ga jini. A 1992 Arnaud Cénac ya gano ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu cutar a Yamai, Farfesa Kamilu Ƙaraye kuma ya tarar da haka a Kano. Binciken PEACE da Ƙaraye ya jagoranta a asibitocin Najeriya, wanda ya fito a 2020, bai sami alaƙa da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, rashin karatun boko, rashin sana'a da hawan jini na masu ciki.

Gado ma da hannunsa. A 2016 aka duba ƙwayoyin halittar mata 172, kashi 15 cikin ɗari suna ɗauke da tawaya, galibi a ƙwayar halittar TTN, mai sarrafa furotin da ke ba tsokar zuciya danƙo.

Yau gwajin jini na NT-proBNP da hoton zuciya kan tona cutar da wuri. Amma matar ƙauyen da ke bakin dajin Kamuku sai ta kai Kaduna ko asibitin Shika da ke Zariya kafin ta ga likitan zuciya, a hanyar da 'yan bindiga suka shafe shekaru suna tarewa.