Tafkin Chadi da Kuskuren Gwamnatocin da Suka Kewaye Shi

Duk lokacin da aka tashi zancen Tafkin Chadi, alƙaluma biyu ake kawowa: a 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980 kuma bai fi kashi ɗaya cikin goma na haka ba. Daga nan sai a ɗora wa fari laifin talauci da rikicin yankin baki ɗaya. Alƙaluman gaskiya ne, amma 1963 shekarar cikar tafkin ce, ba halinsa na kullum ba. Tawagar Bafaranshe Jean Tilho, wadda ta auna yankin wajen 1908, ta tarar da ɓangaren arewacinsa ya ƙafe. Tafki ne marar zurfi, kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga cikinsa daga kogunan Shari da Logone yake zuwa, don haka damina biyu ko uku a can kudu sun isa su matsar da gaɓarsa kilomita masu yawa. Buduma da Barebari da Kotoko da Larabawan Shuwa da Fulani, har da Hausawa masunta da suka kwararo daga baya, sun san haka tuntuni. Ruwa ya cika, a shiga kwale-kwale a yi su. Ya ja baya, a shuka masara da wake a danshin da ya bari, makiyaya su biyo da shanu. Gwamnatoci ne suka kasa fahimtar wannan hali.

A ranar 22 ga Mayu 1964 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a Fort Lamy, wato Njamena ta yau, don su raba moriyar ruwan cikin lumana. Niyyar ta yi kyau, sai dai kowace ƙasa ta koma gida ta yi gaban kanta. Najeriya ta ƙaddamar da babban shirin noman rani na kudancin tafkin a yankin Marte, da burin noma alkama da shinkafa a hekta 67,000. An haƙa doguwar magudanar ruwa daga tafkin zuwa Kirinowa, aka girke manyan injinan famfo, aka gina garin Sabon Marte, duk bisa awon da aka yi a shekarun wadatar ruwa. Da fari na 1983 da 1984 ya zo, ruwa ya janye ya bar bakin magudanar a busasshiyar ƙasa, injinan suka tsaya cak. Manoman da aka yi wa alkawarin gonaki ba su zauna jira ba, suka bi ruwan zuwa inda ya koma, suka kafa ƙauyuka a tsakiyar tsohon tafkin, suka noma abincin da shirin bai taɓa nomawa ba. Kamaru ita ma ta gina madatsar Maga a 1979 don noman shinkafa, ta tare ambaliyar da ke ciyar da fadamun Waza da Logone, har sai da aka buɗe wani sashe na ganuwar da aka gina tare da ita a shekarun 1990 saboda ɓarnar da masunta da makiyaya suka sha. A gefen yamma kuma, madatsun Tiga da Challawa sun rage ruwan da Komadugu Yobe ke kaiwa.

Iyakoki ma haka suka zama fitina. A 1983 sojojin Najeriya da na Chadi suka gwabza kan tsibiran da ƙafewar ruwa ta fito da su. 'Yan Najeriyar da suka bi ruwa zuwa Darak sun wayi gari a cikin Kamaru bayan hukuncin kotun duniya na 2002, Najeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30 a ƙarshen 2003. An kashe shekaru ana shari'ar layin iyaka, amma makaranta da asibiti da hanyar mota ba su isa tsibiran ba. Abin da masunci ya sani na hukuma shi ne mai karɓar haraji a kan kwandon banda, daga Doron Baga har Maiduguri.

Wani zai ce ai fari gaskiya ne, jama'a kuma sun ninka, don haka dabarun kakanni ba za su ciyar da miliyoyi ba, mafita ita ce shirin Transaqua na janyo ruwa daga kogunan yankin Kwango. Yawan jama'a hujja ce mai ƙarfi, ba a musu. Amma tun shekarun 1990 tafkin ya daina raguwa, har ya farfaɗo a ɓangaren kudu, kuma ƙasar da ya bari ita ce ta zama rumbun masara da wake da kiwo. Mayar da shi girman 1963 zai nutsar da gonakin. Ƙasashen da suka kasa riƙe magudanar Kirinowa kuwa, da wuya a yarda za su riƙe wadda ta fi kilomita 2,000. Haka nan ba ƙarancin ruwa ya kashe kasuwar Baga ba. Harin Boko Haram na Janairun 2015 ne, sai matakan tsaron da suka biyo baya, irin hana cinikin kifi da tattasai da aka yi a jihar Diffa ta Nijar a shekarar, wanda ya durƙusar da talakan da ake cewa ana karewa.

Kafin a ciyo bashin haƙa sabon kogi, shugabannin ƙasashen huɗu su buɗe hanyoyin kasuwa, su rage shingayen karɓar kuɗi, su amince wa masunci da makiyayi ya tsallaka iyaka da takarda guda, su kai malamai da ma'aikatan lafiya tsibiran.