Algaitar Kawuna da Masana'antun Challawa: Ɗan Tarihin Ƙera Kayan Busa a Kano

Gabatarwa

A wata Ƙaramar Sallah da ta wuce, ana cikin hawan hakiminmu, doki ya firgita ya ture kawuna, ya kuma taka algaitarsa. Kawun nan nawa shi ne mabushin hakimi, ya gaji busa daga mahaifinsa, algaitar kuwa ta girme ni nesa ba kusa ba. Bututun ƙarfenta ya lotse, fatar da aka naɗe jikinta da ita ta dare. Da yake ni ne ke karatu a birni, sai ya naɗe ta a tsumma ya ce in nemo wanda zai gyara. Na ɗauka aikin yini guda ne. Ashe neman zai kai ni har bayan masana'antun Challawa, ya kuma sa ni tambayar da ta haifi wannan ɗan rubutu, watau su wane ne ke ƙera kayan busa da kiɗan Hausa tun asali, yaya ake ba su aiki, kuma me zuwan masana'antu ya yi musu?

Asalin Kayan Busa a Fadar Kano

Wanda duk zai yi maganar tarihin Kano, tilas ya fara da littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fitar da fassararsa ta Ingilishi a 1908. Littafin ya ambaci kayan busa a wurare uku da suka shafe mu. Na farko, a zamanin Sarki Tsamiya (1307-1343) aka fara busa dogayen ƙahoni a Kano. Na biyu, a zamanin Sarki Dauda (1421-1438) wani basarake da ake kira Dagaci ya zo daga Barno da jama'a mai yawa, yana tafe da ganguna da kayan busa da tutoci da bindigogi. Na uku, Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ya kafa Kasuwar Kurmi ya kuma gina gidan sarautar da ake ciki har yau, shi aka ce ya shigo da kakaki da figini cikin adon sarauta.

Ita kuwa algaita, sunanta ma ya isa shaida, domin daga Larabcin Arewacin Afirka ya zo, inda har yanzu ake busa irinta a Maroko da Aljeriya. Ke nan kayan nan baƙi ne da suka biyo hanyoyin fatauci. Sai dai baƙon da ya shekara ɗari biyar a gida ai ya zama ɗan gari. Abin lura a nan shi ne, kayan busa suna tsagewa, suna lotsewa, gara tana cin icensu. Ba mai jiran ayari ya ƙetaro Sahara kafin a gyara kakakin sarki. Saboda haka tun da aka fara busa a fada, tilas aka sami masu ƙerawa da gyarawa a gida.

Yadda Ake Ba da Aiki

Ba a san sana'a guda da ake ce wa ƙirar kayan kiɗa a ƙasar Hausa ba. Aikin ya rarrabu ne a tsakanin sana'o'in da muka sani. Ɗauki algaita alal misali. Masassaƙi ne ke fafe icen ya huda ƙofofin yatsu. Baduku ne ke naɗe icen da jemammiyar fata ya ɗinke, don kada iska ta tsere ta wata kafa. Maƙerin fari, watau mai aikin tagulla da azurfa da dalma, shi ke yin siririn bututun da ke saman algaita, da ɗan faifan da mabushi ke dafa leɓɓansa a kai. Ɗan karan da ake sawa a baki kuwa, wanda shi ne ke kaɗawa ya ba da murya, mabushi ne ke yanka abinsa, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa, shi ya sa za ka ga mabushi da 'yan spare a aljihu kullum, in ji 'yan zamani. Kawuna dai cewa yake yi "na ko-ta-kwana".

Kakaki aikin maƙerin fari ne tun daga baki har gindi. Gaɓa-gaɓa ake yin sa, a harhaɗa in za a yi busa, a warware in an gama, tsawonsa ya kan wuce kamu huɗu. Kalangu kuwa masassaƙi ne ke fafe kangonsa, galibi da icen alilliba, sa'an nan makaɗi ya nemi fatar ɗan akuya ya rufe, ya ja tsirkiya. Goge ƙwarya ce da fatar guza da izgar doki.

Duk waɗannan ba kayan da ake tarawa a rumfa ba ne mai saye ya zo ya zaɓa. Sai an ce a yi ake yi. Mabushi ya kan je da kansa, ya faɗi irin muryar da yake so, ya ba da kafin alƙalami, a yanka masa rana. Babu takarda, babu ma'auni sai kara da yatsa da kunne. David Ames da Anthony King, waɗanda suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, sun tattara sunayen sassan kayan nan da dama, kuma aikinsu ya nuna cewa kowane ɗan guntu da ke jikin ganga ko algaita yana da sunansa. Abin da aka raɗa wa suna kuwa, an san shi, an san mai yin sa.

Zuwan Jirgi da Masana'antu

Tun kafin Turawa su ci ƙasar, Kano ta yi suna wajen fata. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin takalma da jemammun fatun da ake fita da su har Arewacin Afirka. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce Turawa suka riƙa saye daga hannun 'yan kasuwar Maroko suna kiranta fatar Maroko. Majeman birni, irin na Ƙofar Wambai, da toka da bagaruwa suke jima, su rina ja da karan dafi. Daga hannunsu baduku ke samun fatar da zai naɗe algaita.

Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai abubuwa biyu suka faru. Kamfanonin Turawa suka shiga sayen fatu da ƙiraga suna aikawa teku, sa'an nan kayan Turai suka cika kasuwa, har da kananzir a cikin gwangwani. Maƙeran fari ba su yi wata-wata ba, suka mai da garwar kananzir da ta fetur abin ƙira, har kakaki aka riƙa yi da ita maimakon tagulla mai tsada. Haka nan kuntigin da marigayi Ɗanmaraya Jos ya yi suna da shi, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata. Wannan ya nuna mana cewa masu sana'ar nan ba su taɓa gudun sabon abu ba.

Daga nan sai masana'antu suka zo Kano da kansu. Bompai ce unguwar masana'antu ta farko. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur kuma ya shigo a shekarun 1970, sai aka buɗe Sharaɗa, sa'an nan Challawa, can wajen Panshekara a ƙasar Kumbotso, kusa da kogin da ta ci sunansa. Challawa ta zama matattarar manyan gidajen jima na zamani. A nan ba bagaruwa ake sawa ba, gishirin kurom ake jima da shi a cikin manyan ganguna masu juyawa da lantarki, fata ta fito shuɗi-shuɗi, a ƙarasa gyaranta a aika Italiya da Sifen a yi takalma da jakunkuna.

To, ina ruwan makaɗi da wannan? Ruwansa ne ƙwarai. Fatar ganga ba jemammiya ba ce. Jiƙa ta ake yi, a kankare gashin, a ɗaura ta da danshinta, in ta bushe ta ɗame ta yi amo. Fatar da aka jeme da kurom laushi gare ta, ko ka ɗaura ba za ta yi magana ba. Ke nan masana'anta da makaɗi akuya guda suke nema, amma abin da masana'anta ta fitar ba shi da amfani ga kalangu. Dillalan masana'antu kuwa su ke bin kasuwannin ƙauye da mahauta suna kwashe fatu masu kyau da kuɗi a hannu, makaɗi mai neman fata ɗaya tak ba shi da bakin yin ciniki da su. Ƙirgin sa da ake rufe tambari da manyan ganguna da shi, shi kuma masu ganda sun sa shi a tukunya.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar Naira ta faɗi, ga matsalar wutar lantarki, masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa suka rufe. A shekarun 1990 kuma, da finafinan Hausa suka bunƙasa, sai fiyano ta shiga ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, yaro guda ya danna ta ta yi masa ganga ta yi masa sarewa. Mawaƙi ya daina neman makaɗi, makaɗi ya daina neman masassaƙi. Fada ce kaɗai ta rage tana riƙe da kakaki da algaita, domin ba a yi wa sarki busa da fiyano.

Abin da Na Gani a Bayan Challawa

Na fara da Kasuwar Kurmi. Aka yi ta tura ni daga wannan rumfa zuwa waccan, har wani dattijo ya ce mai irin wannan aiki ya daɗe da tashi, in neme shi a hanyar Panshekara. Can na same shi a wata 'yar rumfar kwano, warin ruwan jima na dukan hanci. Mazurari da ludayi da fitilar aci-bal-bal yake yi da ragowar ƙarfen da yake saye daga masu kwashe shara a masana'antu. Da na kwance tsumman, sai ya ajiye guduma ya karɓi algaitar da hannu biyu.

Ya ce, "Yaro, ta wace ce wannan?"

Na ce, "Baba, ta kawuna ce."

Ya ce, "Shekarunsa nawa? Haƙoransa na gaba suna nan?"

Na yi dariya, na ɗauka ba'a yake yi. Sai ya bayyana mini cewa mai algaita ba ya tsayawa shan iska, kumatunsa ne mazubinta, yana turawa da baki yana shaƙa ta hanci a lokaci guda. In bututu ya cika faɗi zai shanye numfashin tsoho, in ya cika ƙunci murya ta shaƙe. Faifan kuma tilas ya dace da bakin mai shi. Ya tsinko kara ya auna tsohon bututun ciki da waje, ya karya karan daidai tsawon, ya soke shi a jikin rumfa. Wannan shi ne littafinsa. Ya ce tagullar da zai yi aikin da ita sai ya nemo wajen masu tsofaffin kayan mota, fatar kuma kada in yarda a sa ta kamfani, in kai wa baduku ya sa ta bagaruwa.

Mako uku aikin ya ɗauka. Ranar da na je karɓa na tambaye shi wa yake koya wa. Ya ce 'ya'yansa biyu ne maza, ɗaya yana aiki a gidan jima, ɗaya yana tuƙa adaidaita-sahu, kuma bai ga laifinsu ba, domin aikin algaita ko kakaki ba ya zuwa sai jefi-jefi, galibi gab da Sallah. Da na kai wa kawuna, ya sa kara ya busa kirarin hakimi, bai ce kome ba sai da ya sauke, sa'an nan ya ce, "Wannan ya san aiki."

Waiwaye Kan Wata Ƙasa

Kada mai karatu ya zaci injin ne kullum ke kashe aikin hannu. Akwai wata 'yar abar busa ta Turawa da ake kira harmonika, wadda ake gogawa a leɓe. Matthias Hohner ya kafa masana'antarta a garin Trossingen na Jamus a 1857, aka riƙa yin ta dubbai ana kai wa duniya. Duk da haka, har yau gwanayen busa ta a Turai da Amurka suna aika wa ƙananan maƙera su gyara musu ita daidai numfashinsu, su kuma sayi 'yan harsunan tagullar da ke cikinta ɗai-ɗai in sun karye. Abin da ya taimake su shi ne an rubuta ma'aunin kowane sashe, wanda ya so koyo zai samu. Mu namu ma'aunin yana soke a jikin rumfa.

Kammalawa

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Abin murna ne, amma hawa ba ya cika sai da busa, busa kuwa ba ta yiwuwa sai da mai ƙera bututu. Shawarata ga 'yan'uwana na wannan ƙungiya ita ce, duk wanda ya je hutu ya nemi mabushi ko makaɗin garinsu, ya tambaye shi wa ke yi masa gyara, ya je wurin mutumin nan da awo da littafi da na'urar ɗaukar magana. A rubuta sunan kowane sashe, da icen da ake yi da shi, da tsawonsa da faɗinsa. In mun tara, sai mu miƙa wa sashenmu da Gidan Makama su adana. Ni dai na fara da nawa, na roƙi tsohon nan karan da ya auna algaitar kawuna, ya zare ya ba ni. Allah ya sa mu dace, amin.