Ramin Iska da Mutuwar Sifikun Bes Haɗin Gida a Mubi

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa manyan sifikun bes da ake ƙera wa akwati a Mubi suke saurin yagewa. Ta nuna da lissafi cewa babban laifin yana ga ramin iskar da kafinta ke yankawa da ido.

Gabatarwa

Da wuya a yi biki, wa'azi, taron coci ko gangamin siyasa a Mubi ba a jera akwatunan sifika ba. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, akwatin JBL ko Yamaha ya fi ƙarfin ƙaramin mai hayar kayan sauti. Sai ya sayo sifikar tsirara, mai inci 15 ko 18, daga kasuwar Alaba ta Legas ko Sabon Gari ta Kano, ya kai wa kafinta da filawud, ya nuna masa hoto a waya ya ce, "Irin wannan nake so." Hoto kuwa ba ya nuna cikin akwati.

Waiwaye

Rice da Kellogg sun fito da sifika mai koyil a kamfanin General Electric a 1925. A. N. Thiele a 1961, sannan Richard Small a 1972 da 1973, suka shimfiɗa lissafin da ke haɗa sifika da girman akwatinta. Ba mu da ja da su.

Jayayyarmu da ra'ayi biyu ne da suka yi kaka-gida a bakin masu sana'ar. Na farko shi ne cewa haɗin gida ba ya ƙarko saboda kayan jabu. Jabu kam akwai, amma a Kingston ta Jamaika da akwatunan haɗin gida aka yi ta cika fili da kiɗa tun shekarun 1950. Na biyu, wanda ya fi ɓarna, shi ne bautar wat. Mai haya yakan ce amfilifaya ce ta fi ƙarfin sifika, ko kuma ya ce sauti bai kai ba, a ƙaro wat. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, alhali ninka nisan mai sauraro a fili yana cinye desibel 6. Kuɗi ne ake zubawa inda ba za su yi amfani ba.

Hanyar Bincike

An auna ciki da ramukan akwatunan haya da awon tela, aka duba sifikun da aka kai gyara, sannan aka yi lissafi da ƙa'idar Helmholtz, saurin sauti mita 343 a daƙiƙa a zafin digiri 20.

Sakamako

Akwati mai rami kamar kwalba ce da aka hura bakinta: tana da muryarta guda, wadda girman ciki da faɗin rami da tsawonsa suke yankewa. A daidai wannan muryar iskar ramin ce ke yin aikin, takardar sifikar da ƙyar take motsi. Ƙasa da ita kuwa iskar akwatin ta daina riƙe takardar, sai ta dinga kai-kawo ba birki.

A ɗauki akwati mai lita 150 da rami mai faɗin santimita 15. In aka zura wa ramin bututu mai tsawon santimita 20, muryar akwatin tana kusan 34 Hz. In aka bar shi huda kawai a jikin filawud mai kaurin milimita 18, sai ta hau kusan 49 Hz. In kafinta ya ƙara huda ta biyu irin ta farko don ado, ko "don sifika ta sha iska" kamar yadda suke cewa, ta doshi 70 Hz. Akwati ɗaya, sifika ɗaya, wat ɗaya. To, muryar ƙasa ta jitar bes 41 Hz ce, kiɗan fiyano na zamani ma yakan gangara ƙasa da haka. Akwatin mai bututu zai ɗauke ta lafiya. Mai huda biyu kuwa zai bar takardar tana filfilwa, sautin bai fito ba, dije kuma ya ƙara murɗa bes don bai ji komai ba.

Gawar sifikar ma tana ba da shaida. Wadda zafi ya kashe, koyil ɗinta baƙi ne ƙirin, yana warin ƙuna. Wadda rami ya kashe, wayar koyil ɗinta ja ce fes, amma gindinsa ya lanƙwashe saboda dukan ƙarfen baya, ko gefen takardar ya tsage. Mai gyara ya naɗa sabon koyil, ya karɓi kuɗinsa, a mayar da ita cikin akwatin da ya kashe ta.

Abin takaicin shi ne maganin bai kai kuɗin naɗin koyil ɗaya ba: guntun bututun roba na famfo, da matatar da ke yanke duk abin da ya gaza muryar akwatin, wadda yawancin kurosoba na zamani suna da ita. Lissafin kuma bai fi ƙarfin ɗalibin injiniyan lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi ba. Tsakanin ajinsa da rumfar kafinta ne ba a yi hanya ba.

Iyakar Binciken

Za a ce zafin Mubi ya wuce digiri 20 da aka yi lissafi a kansa. Haka ne, a digiri 40 saurin sauti ya kai kusan mita 355, wato muryar akwati ta ɗaga da wajen kashi 3 cikin 100, abin da bai sauya hukuncin ba. Lissafin bai shafi lasifikar ƙaho ta masallaci ba, don magana take ɗauka, ba bes ba. Bai kuma wanke janareta mai rawar wuta ko amfilifayar da aka ƙure har ta ƙona tuwita ba. Waɗannan cututtuka ne dabam, kuma kowacce da alamarta a teburin mai gyara.